An yi mana tudun rage gudu, amma ba su daina ba

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. A Aboabo nake, nan Kumasi, kuma kullum sai yarana sun tsallaka titi kafin su kai makaranta. An yi mana tudun rage gudu, an kafa allon iyakar gudu, amma da direban trotro (ƙaramar bas ta haya) ya haura tudun sai ya taka wuta. Hankalina ba ya kwanciya sai na ga sun dawo. Wai abubuwan nan suna aiki kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya tsare mana su. Suna aiki, sai dai ba ƙarfinsu ɗaya ba. Allo ne mafi rauni. Dokar hanya ta Ghana, L.I. 2180 ta 2012, ta ce iyakar gudu kilomita 30 ne a awa kusa da makaranta, kasuwa, masallaci ko asibiti, 50 a cikin gari, 90 a babbar hanya, amma allo bai taɓa kama kowa ba. 'Yan sandan MTTD masu kula da hanya kuwa, kafin direba ya iso su abokinsa ya ƙyafta masa fitila. Tudu ya fi su duka, tunda ba a roƙonsa, amma guda ɗaya iyakar inda yake kawai yake tsarewa. Jera su ake yi, a ɗaga mashigar masu ƙafa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da nake ji kullum a tasha: "Gudu ba ya kisa, rashin iyawa ne. Ni na kwana biyu a sitiyari, birkina sabo ne." Wannan magana ta kai mutane da yawa asibitin Komfo Anokye. Direba, saurara. Daga ganin yaro zuwa ɗora ƙafa a birki, daƙiƙa ɗaya ce in kana a farke. A gudun 30 ka ci mita 8 ke nan, birki ya ci kamar 5, ka tsaya a 13. A gudun 60, mita 17 za ka ci ƙafarka ba ta ma taɓa birkin ba. Wato inda mai gudun 30 ya tsaya cak, kai da cikakken gudunka za ka samu yaron. Birkin kuma zai nemi mita 20, domin in gudu ya ninka biyu, tazarar birki ninkawa huɗu take yi. Wannan fa a busasshiyar kwalta, da taya mai kyau, ba sudaddiyar da ake sayowa ta hannu ba. Ina gwanintar ta shigo a nan? Shekara talatin a sitiyari ba ta rage mita ɗaya, haka layar da wani boka ya rataya maka a madubi. Ƙasar nan tana binne sama da mutum 2,000 duk shekara saboda hatsarin mota, sannan a ce ajali ne a shafa fatiha. Ajali gaskiya ne, amma wa ya taka totur? Masu mota ma da nasu alhakin, su da ke yanka wa direba kuɗin da ba zai haɗu a yini ba sai da tsere.

Ke kuma Hajiya, ku haɗu da iyayen yara da ɗan majalisar unguwa ku rubuta wa NRSA, hukumar kiyaye hatsarin hanya, da sashen titunan birni, ku nemi ƙarin tudu da mashiga a ƙofar makarantar. Takarda tana iya kwana a ofis, sai kun yi ta bibiya. Kada dai samari su tara ƙasa da kututture su yi nasu, zai kayar da mai babur da dare.