Kyamara ta ƙi karɓar fim daga kwamfuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar kyamara mai cin ƙaramin kaset na MiniDV, da ita na ɗauki yarana tun suna rarrafe. Wani ƙanena ya kwashe mini hotunan a kwamfuta, ni kuma na zauna na tace su, na cire inda hannu ya yi rawa, na sa rubutu, fim ya tashi minti 47. To mahaifina ya manyanta, ba ya kallon komai sai da tsohon bidiyonsa mai babban kaset, ya ce in kawo masa jikokinsa a kaset. Na jona kyamarar da kwamfuta da wayar USB, na yi ta danne-danne, ko gezau. Kyamarar ce ta mutu, ko ni ne ban iya ba?
Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kada ka yi saurin yi wa kyamarar jana'iza, ta ƙofar da ba ta ɓullewa ka bi. A yawancin kyamarorin MiniDV, ramin USB na kwashe hotuna marasa motsi ne daga ɗan katin ajiya. Hanyar fim daban take. Ɗaga murfin robar da ke gefen kyamarar, za ka ga wani ƙaramin rami mai ɗan lotsawa a gefe guda, an rubuta DV a kusa da shi, ko i.LINK idan ta Sony ce. Apple na kiransa FireWire, injiniyoyi na cewa IEEE 1394, duk kanwar ja ce. Ta nan ƙanenka ya fitar da hotunan, ta nan kuma za su koma. Idan kwamfutarka ba ta da irin ramin, ta tebur ana iya sa mata katin FireWire a ciki. Amma wayar nan da ake tallatawa mai USB a kai ɗaya da FireWire a ɗaya kan, ka bar ta inda ka gan ta, don harshen biyun ba ɗaya ba ne.

Kafin ka jona, kashe kyamarar da kwamfutar duka. Da bakin wanda ya ɗanɗana nake faɗa maka. Kan wayar mai haƙora 6, wanda ke shiga kwamfuta, yana ɗauke da wuta. Mai haƙora 4 na kyamara ba ya ɗauka. Wata rana ina sauri na laluba bayan kwamfuta tana kunne, na tura kan a karkace, daga ranar kyamarata ba ta sake gaisawa da wata kwamfuta ba. Tana ɗauka, tana nunawa a talabijin, amma ramin DV ya tafi ke nan.

Abu na biyu, kuma a nan mutane suka fi faɗuwa: kyamara ba ta san MP4 ba. DV kawai take ji. Sai ka koma manhajar da ka yi tacewar ka fitar da fim ɗin a matsayin DV-AVI, kuma da tsarin da kyamarar ke bi. Idan PAL ce, faɗin hoto 720 da tsayi 576, hoto 25 a daƙiƙa. Idan NTSC ce, 720 da 480, hoto 29.97. Duba jikinta ko ƙarƙashinta, galibi a rubuce yake. Ka tura mata wanda ba nata ba, sai ta bar ka da shuɗin allo. Sauti ka sa shi 48 kHz. Kada girman fayil ɗin ya firgita ka, awa ɗaya ta DV na cin kusan gigabait 13, naka zai tasam ma 10.

Tun kana kan tacewar, ƙara baƙin allo na daƙiƙa 20 a farko da wani a ƙarshe. Kaset kan ɗauki ɗan lokaci kafin ya kama gudu, kuma bakinsa ne ya fi shan wahala. Rubutun da ka sa ma ka janye shi daga gefe-gefe, domin tsohuwar talabijin tana cinye bakin hoto, sunan yaro sai ya fito babu harafin farko.

Sauran mai sauƙi ne. Sabon kaset, ɗan maɓallin bayansa yana kan REC ba SAVE ba, gudun naɗi a SP mai minti 60. LP na ba da minti 90, amma ban yarda da shi ba, wata kyamarar ba ta karanta abin da 'yar'uwarta ta naɗa da shi. Jona kyamarar da wutar bango, kada ka dogara da batir. Murɗa ta zuwa PLAY ko VCR, ba wajen ɗauka ba. Movie Maker na zamanin Windows XP yana da wurin tura fim zuwa kyamara, akwai kuma wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna WinDV da ba ta da aiki sai kwaso fim daga kyamara da mayar da shi. Da ka danna, jan ɗigo zai bayyana a allon kyamarar, yaranka su fito. Minti 47 za ka zauna cur, ba a gaggauta shi. Rufe duk abin da ke buɗe a kwamfutar, ka hana ta barci, don in ta yi tuntuɓe na ƙiftawar ido, tuntuɓen zai zauna a kaset.

Idan ka yi duk wannan allon ya ƙi nuna komai, duba littafin kyamarar ko an rubuta DV IN/OUT, ko DV OUT kaɗai. Da yawa cikin waɗanda aka yi wa kasuwar Turai an toshe musu hanyar shiga da gangan, saboda a wancan lokacin harajin Tarayyar Turai kan kyamarar da ke naɗa daga waje ya fi yawa. In taka irinsu ce, sai aro.

Yanzu kaset ɗin Baba. Wayar nan mai kai uku, rawaya na hoto, fari da ja na sauti, ita za ta tashi daga kyamarar zuwa ramukan shiga na bidiyonsa. Sa bidiyon a AV, fara danna naɗi a can, sannan ka kunna kyamara. Wasu kyamarorin na miƙa hoton kwamfuta kai tsaye zuwa bidiyo ba tare da ƙaramin kaset ba, amma ni na fi son a fara naɗa a MiniDV, ka samu uwar kaset da za ka riƙa kwafa daga gare ta. Hoton VHS, wato babban kaset ɗin, zai ɗan dushe, launi ya ɗan zuba, haka halinsa yake. Kuma ka fara gwada bidiyon da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, ko ya fara tauna. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera su, ya daina tun 2016, saboda haka na Baba a lallaɓa shi. Fayil ɗin DV kuwa kada ka goge, ajiye shi a wuri biyu.