Mai kwamfuta ya ƙi sabuwar Windows, me za ka yi?

Musa, tambayarka ta fi ƙarfin amsar tsaye a bakin shago, shi ya sa na ce ka bari in zauna. Cewa ka yi: "Oga, mutum ya kawo kwamfuta, mun ce za mu ɗora masa Windows 11 ba tare da ƙarin ko sisi ba, ya ce shi tsohuwarsa yake so. Ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10. Ba rashin wayewa ba ne wannan? Me zai hana mu riƙa ɗora musu kawai, in sun je gida sa saba?"

Ka fara cire maganar rashin wayewa daga bakinka. Mutumin da ke da shagon buga takardu a kusa da kotu ko jami'a bai sayi kwamfuta don ya yi kallon Windows ba. Manhajar zanensa ta CorelDRAW yake so ta buɗe, firintarsa ta fitar da takarda, yaransa su buga wa ɗalibai aiki kafin a ɗauke wuta. Duk abin da zai tsayar masa da wannan ko na yini ɗaya, asara ce a wurinsa, kuma ya fi ka sanin nawa yake samu a yini. In ya ce maka a bar masa kayansa yadda suke, lissafi ya yi.

Kuma su ma masu Windows ɗin sun ba mutane dalilin ɗari-ɗari. XP ta fito a 2001, mutane suka saba da ita har ta zama kamar ita ce kwamfutar. Da Vista ta zo a 2007 sai ta yi wa injinan lokacin nauyi, firintoci da yawa suka rasa direba, wato manhajar da ke sa su aiki da kwamfuta, jama'a suka riƙa kawo sababbin kwamfutoci ana goge Vista ana mayar musu da XP. Windows 7 ta 2009 ce ta wanke wa kamfanin fuska. Ana zaune lafiya, a 2012 sai ga Windows 8 ta cire maɓallin Start gaba ɗaya, ta cika fuskar kwamfuta da manyan akwatuna irin na waya. Kamar ka je wa tela cikin dare ka sauya wa fedar kekensa wuri, da safe ka ce masa ai wannan ya fi zamani. Sai da suka dawo da maɓallin a 8.1 bayan shekara guda. Windows 10 kuwa, da ta fito a Yulin 2015, kyauta aka bayar na shekara ɗaya, amma aka matsa wa mutane lamba har ta kai wasu sun kwanta da 7 sun tashi da 10. A Amurka wata mai harkar tafiye-tafiye ta kai Microsoft kotu kan haka a 2016, aka biya ta dala dubu goma. Wanda ya rayu cikin wannan duka, in ya ji an ce "sabuwa" ya ja da baya, ba ka da bakin zaginsa.

To, ka ga alƙaluman da kake karantawa a waya, wai Windows 11 ta zama ta ɗaya a duniya? Gaskiya ne. A ƙididdigar StatCounter, kamfanin da ke ƙirga masu shiga intanet, ta wuce Windows 10 a watan Yulin 2025. Amma ka duba yaushe ta fito: Oktoban 2021. Kusan shekara huɗu tana bin bayan yayarta duk da kyauta ake ɗora ta, kuma ba ta sha gabanta ba sai da ya rage wata uku a rufe wa 10 ƙofa. Wannan ba soyayya ba ce. Manyan kamfanoni da ofisoshin gwamnati a Turai da Amurka ne suka sauya injina saboda wa'adi ya matso, sannan duk sabuwar kwamfutar da aka saya da 11 take zuwa. Kason kasuwa yana motsawa ne idan tsofaffin injina sun mutu ko an tattara su, ba don mutane sun farka da sha'awar sabon allo ba.

Sannan ka san yadda ake ƙirgar? StatCounter tana duba masu shiga shafukan intanet da ke ɗauke da ma'auninta ne, ta ga wace manhaja suke amfani da ita. Kwamfutar da ke bayan kanti tana buga katin ɗaurin aure, wadda ba ta taɓa ganin intanet ba, ba ta cikin lissafin. Irin su kuwa ka san yawansu a garin nan. Ko a tsakanin masu ƙirgar ma baki ba ya zuwa ɗaya: StatCounter ta ce Windows 10 ta wuce 7 a Janairun 2018, NetMarketShare ba ta ga haka ba sai Disamban shekarar. Saboda haka alƙaluman suna nuna maka inda iska ta dosa, ba su gaya maka abin da za a ajiye a kan teburinka gobe ba. Abin da ya fi taɓa sana'armu ma shi ne wanda StatCounter ɗin ta sanar a 2017, cewa Android ta wuce Windows wajen shiga intanet a duniya. Yawancin abokan cinikinmu a waya suke rayuwa, kwamfuta kayan aiki ce kawai da ake kunnawa a yi abu ɗaya a kashe. Mai irin wannan hulɗa da kwamfuta me zai dame shi da sabon salo?

Yanzu bari mu zo kan shawararka ta a ɗora wa kowa. Yawancin abin da ake kawo mana ma 11 ba za ta karɓe shi ta ƙofa ba. Tana neman ram giga 4, wurin ajiya giga 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan furosesar Intel ta kasance janareshan na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama in AMD ce. Ga yadda za ka gane cikin minti ɗaya. Duba lambar furosesa, ka kalli lamba ta farko bayan ɗan layin, ko biyun farko in janareshan na goma ne zuwa sama. In ka ga i5-6300U, na shida ne, irin wanda ke cikin HP EliteBook 840 G3 da ThinkPad T460, ba ya cikin waɗanda aka amince da su. In ka ga i5-8250U, na takwas ne, ya haye. Daga nan danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta tpm.msc. In ta ce ba ta ga TPM ba kada ka yi saurin yanke hukunci, shiga BIOS, wato saitunan injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka nemi TPM ɗin da sunan PTT a injin Intel ko fTPM a na AMD, sau da yawa a kashe kawai yake. Kunna shi, ka sake dubawa.

Na san abin da za ka ce: ai da manhajar Rufus ana haɗa filas ɗin ɗora Windows da zai tsallake duk waɗannan sharuɗɗa. Ana yi, kuma yana aiki. Amma Microsoft ta faɗa ƙarara cewa injin da aka shigar ta taga ba ta yi masa alkawarin sabuntawa ba. Ranar da wani abu ya tsaya, mai kwamfuta ba Amurka zai je ba, nan zai zo ya tsaya a kanka. In za ka yi wa mutum haka, gaya masa da bakinka kafin ka taɓa komai, ya yarda ko ya ƙi. Kada kuma ka yi wa injin da ke kan tsohon faifai mai juyawa da ram giga 4, don zai ja ƙafa har mai shi ya rantse ka sace masa wani abu a ciki. Sa masa SSD tukuna, wato ma'ajiya mai sauri da ba ta juyawa. Sau tari mai kukan "Windows ɗina ta tsufa" faifai ne matsalarsa.

Duk wannan ba yana nufin ka bar mutum cikin duhu don gudun ɓacin ransa ba. Akwai inda tsohuwar zuma ba ta magani. An daina tallafa wa XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar ba za ta mutu ba ranar, za ta ci gaba da kunnuwa lafiya lau, illa dai duk kafar da ɓarayin intanet suka gano daga baya ba mai toshe ta. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da ɗari, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin likita. Abin takaicin, tun watan Maris Microsoft ta fitar da maganin kafar, mutane ne ba su ɗora ba. Mu nan ma halinmu ke nan, abu na farko da ake roƙonka shi ne ka kashe sabuntawa don kada ta cinye data. Ga kuma Chrome, da ya tsaya a lamba 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023. A gaskiya wannan ne ke kawo mana mutane da ƙafarsu, ranar da shafin banki ko na rajistar jarrabawa ya ƙi buɗewa.

Don haka tambaya biyu za ka yi wa duk wanda ya shigo: me kake yi da ita, kuma tana hawa intanet? Mai buga takardu da ba ya haɗa ta da komai, bar masa 7 ɗinsa, ka ja masa kunne kan filas ɗin ɗalibai. Wanda ke shiga banki da imel a kan 10, in injinsa ya cika sharaɗi ka lallaɓa shi ya hau 11, bayan ka kwashe masa fayilolinsa ka kuma tabbatar akwai direban firintarsa. In bai cika ba, a 2025 Microsoft ta fito da shirin ƙarin wa'adin tsaro da ta ce zai kai 13 ga Oktoban 2026, dala 30 ko kyauta ga wanda ya haɗa asusunsa na Microsoft ya bar ta tana ajiye masa saituna. Ɗalibin da aikinsa bincike ne da rubutu kana iya gwada masa Linux Mint a madadin Windows, amma kada ka kusanci mai CorelDRAW da ita.

Wani abu kuma da ya shafi aljihunmu. Kamfanin bincike na Canalys ya yi hasashen kwamfutoci kusan miliyan 240 za su zama shara saboda ƙarshen Windows 10, kuma ka san ba duka za a narke ba, wasu kwantena za a loda su zuwa Legas, daga can su iso kasuwar kwamfuta ta Beirut Road a Kano a matsayin tokumbo masu araha. Za ka ga na shida da na bakwai fes-fes, farashi kamar an tsinto. Ba laifi a saya, amma ban yarda ka sayar wa kowa ko ɗaya ba tare da ka gaya masa janareshan ɗinta da abin da hakan ke nufi ba. Waɗanda ke cikin kwali a ƙarƙashin benci, gobe da safe ka kunna su ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta lambar furosesa da matsayin TPM a jikin farin tef, ka manna a murfin kowace.