Kafin ka ƙara wa jif ɗinka girman taya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tun jiya na ga tambayarka, sai dai ban so in ba ka amsa a tsaitsaye ba, domin magana ce da na daɗe a cikinta. Ka ce Land Cruiser 200 gare ka, tayoyin da ta zo da su, 285/60R18, sun cinye, kana so ka koma masu inci 33 ko ma 35, kuma kana tunanin ɗaukar masu manyan haƙoran nan na shiga taɓo. Ka kuma ce yawancin tafiyarka a kan kwalta ce, amma kusan kowane wata kana shiga daji da mutane da kaya. Irin motar nan nake tuƙawa shekara da shekaru, sau uku ina canza mata taya, kuma a karon farko na yi kuskuren da ba na so ka maimaita.

Mu fara da rubutun da ke jikin tayar, don duk maganar a kansa take. 285 faɗin taya ne da milimita. 60 kuwa ba awo ba ne, kaso ne: tsayin gefen taya, daga bakin wili zuwa inda zane ya fara, kashi 60 cikin 100 ne na faɗin, wato milimita 171. 18 shi ne girman wili da inci. In ka haɗa gefen sama da na ƙasa da wilin, tsayin tayarka ya kai milimita 799, kusan inci 31 da rabi. In ka koma 285/65R18, ka tashi zuwa milimita 828, inci 32.6. In ka koma 275/70R18, ka kai milimita 842, inci 33.2, kuma irinta ce mutane ke kira "33".

Abin da da yawa ba sa lura da shi shi ne, rabin wannan ƙarin kawai motar ke samu na tashi daga ƙasa. 285/65 za ta ɗaga ka da milimita 14, 275/70 kuma da kamar 21, wato faɗin babban yatsa. Ba na raina shi. Ko ka sa dogayen sifirin ka ɗaga jikin mota, tudun nan na tsakiyar aksul ɗin baya yana nan inda yake, taya ce kaɗai ke nisanta shi da dutse. Amma ka san yawan abin da kake saye kafin ka san abin da za ka biya a kansa.

Ni lokacin da na fara, ido ne ya yi mini sayayya. Na ga wata mota irin tawa da ƙattin tayoyi masu haƙora, ta burge ni, na je na sa guda huɗu mafi girman da mai sayarwa ya ce za su shiga. A tsaye kam sun shiga. Ranar da na zo juyawa da baya, na murɗe sitiyari har ƙarshe, sai na ji gurrr daga gaba. Na sauka na haska da fitilar waya, na ga robar cikin madigadi ta gogu har tana sheƙi, gashin roba duk ya maƙale a haƙoran tayar. Wannan a fili mai laushi ke nan. A cikin daji, inda ƙafa ɗaya ke hawa tudu ta nutse cikin madigadi, abin ya fi haka muni. Babban kuskuren ma ba wannan ba ne. Safayar da ke ƙarƙashin mota na bar ta a tsohon girmanta. Bayan 'yan watanni wani dutse mai kaifi ya tsaga mini gefen tayar baya, tsagar da ba mai facin da zai iya yi mata komai. Na sauko da safaya, na jingina ta da sauran, sai ga ta ta gaza su a fili. Haka na ɗaura ta na yi ta rarrafe sa'o'i, hankalina a tashe.

Dalilin tashin hankalin shi ne, motarmu kullum ƙafa huɗu take ja, ba sai ka sa mata ba. Akwai giya a tsakiya da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, an yi ta ne don ta ɗauki ɗan bambancin juyawa a kwana. In taya ɗaya ta fi sauran ƙanƙanta, tana juyawa fiye da su ko a miƙaƙƙiyar hanya, giyoyin nan ba sa hutawa, zafi yana taruwa, na'urar hana santsi ma tana iya rikicewa don tana ganin kamar ƙafa ɗaya na zamewa. Saboda haka duk girman da ka zaɓa, biyar za ka saya, iri ɗaya, zane ɗaya. Kuma tun kafin ka biya, ka sa a gwada ɗaya a mazaunin safaya, a ja ta sama da sarƙa a ga ta zauna daram ba ta taɓa salansa ko ƙarfen jan tirela ba.

Inci 35 ɗin da ka ambata, ni dai ba zan ba ka shawararsa ba a kan yadda ka kwatanta tafiyarka. Ƙari ne na kusan kashi 11 cikin 100. Sai an ɗaga mota, an yanke roba da ƙarfe a madigadi, an canza wili, kuma masu yin abin da gaske har giyoyin aksul suke canzawa don motar ta dawo da ƙarfin tashinta. In ba a yi haka ba za ka ji ta yi nauyi a tashi, giya tana ta kai da komo a hawan tudu, birki yana buƙatar ƙarin nisa, mai yana tafiya. Wanda ya keɓe motarsa don hawan duwatsu, wannan lissafinsa daban ne.

Yanzu ga abin da ya fi girman taya muhimmanci a wajena, wanda ban ga ka tambaya ba. Bayan 285/60R18 akwai wata lamba da harafi, a taka mai yiwuwa 116V ne ko 116H. 116 lambar nauyi ce, ma'anarta taya ɗaya na ɗaukar kilo 1,250 in an cika mata iska yadda ya kamata. 112 kilo 1,120 ne, 121 kilo 1,450, 125 kilo 1,650. Harafin kuma iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H 210, V 240. Motar nan ba kowa a ciki ta haura tan biyu da rabi. Ka ɗora mutum bakwai, jarkokin ruwa da na mai, kaya a kan rufi, yawancin nauyin a kan ƙafafun baya yake sauka. Kada ka yarda a sa maka taya mai lambar nauyi ƙasa da wadda kamfanin motar ya rubuta a takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, ko da girman ya yi daidai, ko da ta fi araha. Taya ba ta fashewa a kan gudu haka kawai. Nauyi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, gefen yana ta lanƙwashewa yana miƙewa, zafi ya dafa ta daga ciki, sai zanen ya rabu da jikinta. A mota mai tsayi irin wannan, fashewar tayar baya a kan gudu ba ƙaramin abu ba ne.

Nan ne maganar LT ta shigo. In ka ga an rubuta LT kafin lambobin, kamar LT285/65R18, an gina tayar ne don ƙananan motocin ɗaukar kaya: jikinta ya fi kauri, gefenta ya fi jure ƙaya da dutse. Za ka ga an sa mata harafin C, D ko E, daidai da ƙarfin ninki 6, 8 ko 10. Ga mai shiga daji da kaya irinka, LT ce ta dace, ba na ko shakka. Amma tana da nata halin. Ta fi nauyi, ta fi tauri, za ka riƙa jin ƙananan ramuka a bayanka fiye da da. Kuma ga wurin da mutane ke faɗawa: LT tana buƙatar iska fiye da tayar ƙaramar mota kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. In ka sa mata gejin da ke rubuce a ƙofa, ta yi ƙasa. In kuma ka bi 80 psi (ma'aunin ƙarfin iskar taya ne) da ke rubuce a jikin mai E, ka wuce gona da iri, wannan iyaka ce, ba umarni ba. Ni a kwalta tsakanin 40 da 42 nake barin nawa, in na yi lodi in ƙara wa na baya kaɗan. Yadda na gano nawa shi ne da alli. Da safe kafin tayar ta ɗau zafi, na ja layi mai kauri a faɗin zanen daga gefe zuwa gefe, na tuƙa a miƙe 'yan mitoci, na sauka na duba. In tsakiya ne ya goge ya bar gefe, iska ta yi yawa. In gefuna ne suka goge, ta yi kaɗan. In layin ya dusashe bai ɗaya, ka samu. Kamfanonin taya ma suna da jadawalin nauyi da iska, ka nemi na wadda ka saya ka haɗa da gwajin.

Batun haƙora kuwa, masu manyan haƙoran nan da ake rubuta wa M/T, a cikin taɓo mai danƙo ba su da na biyu, don suna tofar da laka maimakon su cika su zama sumul. Amma sau nawa kake shiga irin wannan taɓon a shekara? Sauran kwanakin za ka zauna da gurnaninsu a kwalta, suna saurin cinyewa, kuma in an yi ruwa ka taka birki a kan titi ba sa kamawa kamar sauran. A yashi ma suna da son tona rami su binne ka in ƙafarka ta yi nauyi a kan totur. A/T, wato mai matsakaitan haƙora da aka yi don kwalta da daji duka, nake sawa yanzu, kuma ita nake ganin ta dace da kai. BFGoodrich All-Terrain, Falken Wildpeak, Toyo Open Country, Yokohama Geolandar, Cooper Discoverer, duk suna da irinta. Ban damu da wadda ka ɗauka a cikinsu ba kamar yadda na damu da lambobin da ke jikinta.

Wani abu kuma: kada kowa ya ruɗe ka da wili mai inci 20. Tayar 285/50R20 gefenta milimita 142 ne da rabi, ka ga ka rage abin da ke tsakanin wili da dutse. Mai shiga daji gefe yake nema, don a yashi ko burji sai ka rage iska tayar ta shimfiɗu ta yi tsawo a ƙasa. Ni a yashi mai laushi ina saukowa wajen 18 zuwa 20 psi, in tafi a hankali ba murɗe sitiyari da ƙarfi, don in ka yi ƙasa da yawa tayar na iya zamewa daga bakin wili. Da zarar ka doshi kwalta ka mayar da iskar. Saboda haka ƙaramin famfo mai aiki da batir da geji mai kyau su zauna a motar, ba a fita ba su.

Ranar saye ka durƙusa da kanka ka karanta shekarar kowace taya. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: 2323 na nufin mako na 23 na shekarar 2023. Wani lokaci a fuska ɗaya kawai ake buga su, sai ka sa a juya maka. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, kuma manyan kamfanonin taya suna cewa duk wadda ta kai shekara 10 a cire ta ko zanenta na nan. Wannan ya haɗa da safayar da ke ƙarƙashi tana shan ƙura ba wanda ke dubawa. Tayar gwanjo kuwa ba na sa wa mota mai wannan nauyin, don ba ka san wahalar da cikinta ya sha ba.

In ni ne kai, LT285/65R18 mai zanen A/T zan sa, guda biyar, a kan wilinka na asali. Faɗin bai canza ba, gefen ya ƙaru, motar ta ɗan tashi. In zuciyarka ta kafe a kan 33, to 275/70R18, amma gani ya kori ji: a ɗaura ɗaya a gaba, a sauke motar daga jak, ka murɗe sitiyari dama da hagu har ƙarshe, gaba da baya, sannan ka hau da ƙafar kan wani tudu ka sake dubawa. Ka tuna malejinka zai riƙa rage maka gaskiya. Da 285/65, gudunka ya ƙaru da kusan kashi 3.6 cikin 100 a kan abin da ka saba gani, da 275/70 kuma sama da kashi 5, wato inda allura ke nuna 100 kana kusa da 105. Kilomitocin da motar ke ƙirgawa ma za su gaza na gaske, sai ka riƙa juye baƙin mai da ɗan wuri. A yi maka balansin da alaimen a ranar, ka sake ɗaure notuna bayan kilomita 50 zuwa 100, sannan ka riƙa juya tayoyin biyar duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 don su cinye tare.

Ka ɗauko mana hoton takardar nan ta ginshiƙin ƙofa da na gefen tayarka ta yanzu, ka kuma faɗa mana ko an taɓa ɗaga motar ko canza mata wili, don amsar 275/70 ɗin a kan haka ta dogara.