Ga 'yar'uwa mai tambayar hidimar Babbar Sallah

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wallahi da na karanta tambayarki sai na ji kamar daga bakina aka ɗauko ta: kayan miya sun yi tsada ana gab da Sallah, bara nama ya lalace miki saboda rashin wuta, ga tsakar gida ya cika da leda da robobi bayan baƙi sun watse. Sannu, Allah Ya mayar miki da alheri.

Ni a Gombe nake, kuma zafin asarar nama na san shi. A layyar 2023 ne, wata guda bayan an cire tallafin mai. Akwai wani mai firizar haya a unguwarmu, ya karɓi kuɗinmu, ya rantse janaretansa ba ya mutuwa. Cinya biyu da haƙarƙari Baban yara ya kai masa. Ashe da dare kashewa yake don kar mai ya ƙare. Ranar da yaro ya je karɓowa, tun daga zaure wari ya riga shi shigowa. Na saka hijabi na je da kaina, mutumin nan ya kalli tsabar idona ya ce wai haka muka kawo masa. Naman da aka yanka a gabana! Ko "ku yi haƙuri" bai ce ba, kuɗin ma bai mayar ba. Ragon nan tun bayan azumi nake ba shi dusa da harawa da hannuna. Abin da ya fi ƙona min rai, faccalata tana tsaye ta ce ai wanda bai da firiza a gidansa bai kamata ya yanka babban rago ba. A gaban yarana ta faɗa. Har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Na bar su da Allah, daga ita har shi.

To tun daga nan nama ba ya kwana biyu ɗanye a gidana. Kayan ciki ranar yanka ake gamawa da su. Sauran a barbaɗa gishiri a rataye ya sha iska, washegari a soya a cikin kitsensa har ruwan ya ƙone ƙurmus, don ragowar ruwan nan shi ke jawo fumfuna. Wani a yi dambu. Kuma ki fitar da na maƙwabta da na sadaka tun da ɗuminsa, abin da ya rage ba zai fi ƙarfin kaskonki ba.

Batun tsadar tumatir kuwa, ba laifin 'yan kasuwa kaɗai ba ne. Shekarun nan Sallar tana faɗowa ne a farkon damina, na rani ya ƙare, na damina bai nuna ba, ga kuɗin mota. Lokacin sayensa daga Janairu ne zuwa Maris, sanda masu lambun Dadin Kowa ke fitar da shi, a Kwadon za ki ga kwanduna jere kamar a ce ki ɗauka kyauta. Mu haɗa kuɗi muke yi da maƙwabta a sayo, a yanka, a shanya a kan buhu mai tsabta a sama da ƙasa, iskar hunturu ta busar. Tattasai da attaruhu ma haka. Na bana kam ya wuce, sai dai ki nemi kauɗa, wato busasshen tumatir, ki wanke ta sosai saboda yashi, ki jiƙa da ruwan zafi, ki markaɗa da albasa da yawa, ɗan kanwa kaɗan ya kashe tsamin. In kin soya da kyau ba mai tambayarki.

Ni ban ma ga wanda ya wajabta jar miya ranar Sallah ba. Mu da muka tashi da masa da miyar taushe? Kabewa tana wata da watanni ba ta lalace ba, alayyahu da yakuwa da zogale suna araha da zarar ruwa ya sauka, ga gyaɗa ga daddawa. Shinkafar masar ma ta gida ce, a Tudun Hatsi nake awo. Wadda za ta ce abincin ƙauye ne ta ce, kin san wa nake nufi, ita ce kuma mai neman ƙari.

Leda kuma, hmm. Ki tambayi duk mahaucin da ke fiɗa, zai gaya miki abin da suke cirowa a tumbin awaki da tumakin da ke yawo a gari. Ledar da dabba ba ta ci ba kuma, sai ta toshe lambatu, ruwan farko ya shigo wa mutane gida, mu da garinmu dama zaizaya ta dame shi. Ki aika yara da abinci a kula ko langa, a juye a dawo miki da kwanonki, galibi ma da wani abu a ciki. Maimakon katan-katan na lemo ki dafa zoɓo da citta da kanumfari, ki jera kofunan silba. Kunun aya dai ki yi kaɗan, ba ya jure zafi, kafin la'asar ya yi tsami. In za ki kasuwa ki tafi da jakar buhu da bokiti mai murfi na markaɗe.

Ki zauna da maigida tun yanzu ku ƙiyasta bakin da za su ci, don mazan nan sai su gayyato jama'a ba su faɗa ba, ko su sa a dafa tukunya guda ba wanda ya zo. In ya yi saura a ba almajirai tun yana da zafi, ba sai ya fara yauƙi ba.

Au, fatar ma kar a bar ta a rana. In masu karɓa daga masallaci ba su zo da wuri ba, a shafe cikinta da gishiri a ajiye a inuwa inda kare ba zai kai ba.