Kurmin da ake sara shekara ɗaruruwa, ta yaya ya zama tsoho?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga wani shiri a talabijin inda aka nuna wani kurmi a Ingila, aka ce ya haura shekara ɗari bakwai, amma itatuwan da na gani sirara ne, kuma an ce har yau ana sarar su. Mu a nan sara shi ke cinye mana daji. Ta yaya kurmin da ake sara zai tsufa, har a ce yana da amfani ga namun daji?

Amsa: Wa alaikumus salam. Idonka bai yaudare ka ba, sandunan da ka gani ƙanana ne, da wuya wani ya wuce shekara ashirin ko ashirin da biyar. Tsufan yana ƙasa, a kututture da saiwa.

Yawancin itatuwa masu faɗin ganye, idan aka sare su daf da ƙasa, ba sa mutuwa. Kututturen ne ke fid da toho da yawa a lokaci guda, kuma da yake saiwar ta riga ta kafu, tohon kan yi saurin girma fiye da dashe. Sai a raba kurmin gida-gida, bana a sare wannan yanki, baɗi wancan, kafin a zagayo kan na farko an yi shekara bakwai zuwa ashirin da wani abu, gwargwadon irin icen da abin da za a yi da shi: gawayi, itacen girki, shinge, ƙotar gatari. A tsakani kuma akan bar manyan itatuwa jefi-jefi, galibi itacen ok (oak, wani babban ice mai ƙwari na can), su girma don katakon gini.

Abin da ya fi ba ni mamaki har yau shi ne saran na ƙara wa icen kwana. Icen da aka ƙyale yakan yi nauyi, ya ruɓe, iska ta kayar da shi. Wanda ake sara kuwa kullum sabon jiki yake yi. Tsakiyar kututturen ta ruɓe ta zama ƙasa, gefensa ya ci gaba da buɗewa kamar zobe, har mutum ya tsaya a ciki ya ɗauka itatuwa goma ne suka kewaye shi, alhali ice ɗaya ne. Shi ya sa ba a iya ƙirga shekarunsa daidai, sai dai a auna faɗin zoben a yi kirdado. A Westonbirt, wani lambun itatuwa a Ingila, akwai wani irin wannan da ake kirdadon ya kai shekara 2,000. Kurmin Bradfield da ke yankin Suffolk kuwa akwai shaidar ana sarar sa haka tun 1252. A Ingila, ba a kiran kurmi daɗaɗɗe sai idan wurin bai taɓa rabuwa da itatuwa ba tun 1600.

Amfaninsa ga halittu daga haske yake zuwa. Yankin da aka sare, rana takan sauka har ƙasa, furannin da suka daɗe a inuwa su ɓarke, malam-buɗe-littafi ya biyo su. Bayan ƴan shekaru wurin ya cushe, tsuntsaye masu sheƙa a sarƙaƙiya su samu mafaka, daga baya inuwa ta rufe. Kowace halitta tana da yankin da ya dace da ita, idan ya canza ta matsa zuwa na kusa. Ga kuma ƙasar da garma ba ta taɓa shiga ba, mai ɗauke da tsirran da ba sa saurin yaɗuwa zuwa sabon wuri. Da kwal ya maye gurbin gawayi aka yi watsi da yawancin kurmukan nan, sai suka yi duhu, wasu nau'o'in malam-buɗe-littafi suka ragu ƙwarai.

Damuwarka kan namu dajin tana kan hanya, amma a ganina ba gatari kaɗai ne mai laifi ba. Muna sara, mu ƙone kututturen ko mu tumɓuke shi, abin da ya tofo kuma awaki su cinye. Su can a Ingila tun da daɗewa sukan kewaye kurmi da rami da tudun ƙasa don hana dabbobi shiga, yau ma barewa ce babbar matsalarsu.

Kuma hikimar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A jihar Maraɗi, tun wajajen 1983, manoma suka fara barin kututturan sabara da kalgo a gona, su zaɓi toho kaɗan masu ƙarfi su rage sauran. Ana kiyasin hanyar ta farfaɗo da itatuwa a fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, mafi yawansu daga saiwar da ta daɗe a raye ƙarƙashin gonakin.