Tambayi Kawu: Gidan bakin ruwa a Badore ko cikin 'yan'uwa a Agege?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Kawu, ya iyali ya hidima da jama'a. Ni ɗan Funtuwa ne, shekarata 6 a Legas ina aiki da wani kamfani a Victoria Island, kuma duk zaman nan a Obalende nake muna raba ɗaki da wani abokina. To yanzu Allah ya yi na yi aure bayan ƙaramar sallah, amarya tana gida ina so in ɗauko ta, shi ne nake ta yawon neman gida har na gaji wlh. Guda uku na gani. Na farko a Badore ta wajen Ajah, ɗaki biyu da falo a bene, kana buɗe taga ruwa ne iya ganinka ga iska mai daɗi, na tura wa amarya bidiyo ta ce ita fa nan take so, amma miliyan 2.8 ne a shekara banda kuɗin ejen. Na biyu a Agege miliyan 1.5, sai dai cunkoso da hayaniya ba a magana. Na uku a Ikorodu dubu 900, gida mai kyau amma nisa. Albashina dubu 450 ne a wata. Yayana ya ce kar in kuskura in kai yarinya inda ba mu da kowa, wai na manta yadda aka riƙa tsorata baƙi lokacin zaɓen 2023? Kaina ya kulle Kawu, ka ba ni shawara.

Ɗanka, daga Obalende

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sanya albarka a auren nan ya ba da zuri'a ɗayyiba.

Ban ga laifin amaryarka ba ko kaɗan. Mu da muka taso inda sai an yi tafiya kafin a ga rafi, ranar da mutum ya fara ganin ruwan Legas shimfiɗe har ya haɗe da sama, masu kwalekwale suna jefa taru da sassafe, dole ransa ya biya. Kuma wanda ya wuni cikin hayaƙin danfo yana da haƙƙin ya dawo gida ya shaƙi iska mai kyau, wannan ba almubazzaranci ba ne. Amma yaushe ka ɗauki bidiyon nan? In da rani ne to rabin gidan ka gani.

A watan Yulin 2017 da aka yi ruwan nan da ya shanye Lekki da Ajah da Victoria Island, na je duba wani aminina da ke zaune a wannan yankin, sai da na naɗe wando har gwiwa tun daga bakin titi, na same shi ya ɗora firij a kan bulo huɗu, katifa a jingine tana ɗiga, uwargidansa zaune a kan tebur da jariri a hannu ba ta ko iya magana. Gida mai kyau ne fa, shi ma taga ce ta ja shi. Kai a bene za ka zauna, na ji, amma ba a benen za ka wuni ba, sai ka sauko ka bi hanya. Don haka ka koma Badoren nan ba tare da ejen ba, ka dubi katangar gidan daga ƙasa, in ka ga layi kamar an ja da alli ko an sabunta fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ruwa ne ya yi sa hannu a wurin. Ka dubi get da ƙarafunan taga ko tsatsa ta ci su. Ka buɗe famfo ka tara a farin kofi ka bar shi minti goma, don da yawa daga bohol ɗin wannan yankin ruwansu jaja-jaja ne yana ƙarni, mutane tanka suke saye, na sha kuma daban. Sannan ka tambayi mai shagon da ke kan kwana ko maigadin maƙwabta, akwai yiwuwar ma ɗan'uwanmu ne, shi zai faɗa maka abin da ejen ba zai taɓa faɗa ba.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafi. Dubu 450 sau 12 miliyan 5.4 kenan. Hayar Badore kaɗai ta cinye fiye da rabi, ba a zo kan kuɗin ejen da na agrimen ba wanda yawanci kashi 10 cikin 100 kowanne suke yanka, dubu 560 kenan, ga koshin fi, wato kuɗin ajiya saboda ko za ka lalata wani abu a gidan, in estet ne ga kuɗin gadi da shara duk wata, in kuma layin wutar Band A ne, wato wanda aka fi ba wuta, ka san tun Afrilun 2024 kuɗin ya ninka har fiye da sau uku. Me ya rage na cefane, na asibiti in ciki ya zo, na aike wa su Baba a Funtuwa? Kuma haya a Legas ba ta tsayawa, shekara na zagayowa za ka ga takardar ƙari a ƙarƙashin ƙofa. Wannan gidan ya fi ƙarfin aljihunka a yanzu, gara ka ji daga bakina da ka ji daga bakin lanlod. Af, tunda muna kan kuɗi, duk wanda ya ce sai ka biya shekara biyu a dunƙule ka sani dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, in ka cire Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA da dokar ba ta hau kansu ba. Ana karya ta kullum, amma sanin ta yana sa ka yi ciniki da ƙwarin gwiwa.

Ikorodu kam araharta gaskiya ce, sai dai abin da ka rage a haya za ka mayar a hanya, ko bas ɗin BRT ka kama tun duhun asuba ko jirgin ruwa mai sauri amma mai tsada, amarya kuma tana can ita kaɗai daga asuba har bayan isha'i. Ajiye Ikorodu gefe.

Maganar yayanka ita ce na fi so mu tsaya a kai, don yana da gaskiya amma ba duka ba. In jam'iyya kake dubawa babu abin da za ka zaɓa, tun 1999 gida ɗaya ke riƙe da Legas suna kawai ake canzawa, daga AD zuwa AC zuwa ACN zuwa APC, kuma ƙananan hukumomi 20 da LCDA 37, wato ƙananan yankunan mulki da jihar ta ƙirƙiro, kusan duk bakinsu ɗaya. Siyasar da za ta taɓa ka ta ƙofar gida ce. Wane ne baale, wato mai unguwa a wajen Yarbawa, ƙungiyar unguwa da suke kira CDA su wa ke riƙe da ita kuma nawa suke karɓa, 'yan omo onile, masu cewa filin na kakanninsu ne, suna damun masu gida ko an kashe wannan wutar, filin ma kansa yana da takarda ko ana shari'a a kai. Bakin ruwa a Legas shi ne inda idon gwamnati da masu kuɗi ya fi tsayawa, an rushe unguwar Maroko a 1990, an tashi ta Otodo Gbame a 2017, an kori mutanen Tarkwa Bay a Janairun 2020, a 2024 kuma titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba ya ci gine-gine masu tsada, banda gidajen da ake rushewa don an gina su a kan hanyar ruwa. Ban ce naka yana ciki ba, amma in katafila ta zo ba ta tambayar wane ne ɗan haya, kuma kuɗin da ka biya sai dai haƙuri. Ko dokar hana acaba ta 2022 ka duba, a watan Yuni aka fara da ƙananan hukumomi 6 har da Eti-Osa inda Badore take, dare ɗaya yaranmu da yawa suka rasa abin yi, mazauna lunguna kuma suka koma takawa a ƙafa. Irin wannan ita ce siyasar da ke shigowa har cikin tukunya.

Inda zan saɓa da yayanka shi ne zama cikin Hausawa ba laya ba ne. Rikicin Idi-Araba na Fabrairun 2002 a tsakiyar mutanenmu aka yi shi, haka na Mile 12 a Maris ɗin 2016, wani lokacin taruwarmu wuri ɗaya ita ke sa a san inda za a nufa. Abin da ya bambanta Agege shi ne daɗewa. Fiye da shekara ɗari Hausawa suna can tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa, akwai Sarkin Hausawa, an yi auratayya da Yarbawa, akwai jikokin da Yarbanci a bakinsu kamar Hausa, kuma akwai ƙuri'a mai yawa wadda ɗan takarar kansila ko ciyaman ba zai iya kau da kai daga gare ta ba. In wani abu ya taso akwai wanda za a kira kuma zai ɗaga waya. A Badore wa za ka kira?

Ka kuma tuna yarinyar nan daga Funtuwa za ta zo, ba Yarbanci ba broka, kai kuma ka fita tun asuba. Kallon ruwa sati biyu zai yi mata daɗi, daga nan kaɗaici ya fara cin ta. A Agege za ta sami islamiyya, maƙwabciyar da za ta raka ta awo, inda za ta sayi daddawa da kuka da man shanu ba sai an aiko daga gida ba, ranar haihuwa kuma ba za a rasa dattijuwar da za ta tsaya mata ba.

Don haka ni Agege na zaɓa maka, na shekara ɗaya ko biyu tukunna, amma ba lallai wannan gidan da ka gani ba. Agege tana da faɗi, ka leƙa ta wajen Oko-Oba ko Dopemu akwai layuka masu sauƙin hayaniya, kuma can ma ka duba kwata da katanga don akwai lungunan da ruwa ke kwanciya. Ba zan ɓoye maka ba hanyar ofis za ta ba ka wahala, kai da ka saba daga Obalende ka tsallaka kawai. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage go-sulo na cikin gari, jirgin Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 yana tsayawa a Agege ya sauke ka Oyingbo, daga nan ka kama mota, amma kar ka biya ko sisi sai ka kwana can wajen wani ka gwada hanyar da kanka ranar Litinin da safe, ba Lahadi ba da titi yake fayau.

In kun tare, ka mayar da katin zaɓenka can, ku yi rajistar LASRRA, wato ta mazauna jihar Legas, kai da ita, ka riƙa biyan kuɗin unguwa kana karɓar rasit, ka je taron CDA ko sau ɗaya a wata uku, kuma ka sa wani dattijo ya kai ka ka gaida baale, ba Sarkin Hausawa kaɗai ba. Maƙwabcinka Bayarabe ka koyi gaishe shi da yarensa, ranar sallah a kai masa nama.

Ita kuma amarya kar ka ce mata kawai an fasa. Kira ta a natse ka karanta mata lissafin nan kamar yadda muka yi, ka gaya mata bambancin hayar kaɗai miliyan 1.3 ne a shekara kuma da sunan me za ku ajiye shi, sannan ka yi mata alkawarin in ta iso, Lahadin farko za ka kai ta bakin teku ta ga ruwan da idonta, kuma ka cika.

Kawu