Jinina da na jaririna ba su jitu ba, mene ne mafita?

Tambaya: Likita, ɗana na fari lafiya lau. Na biyun kuwa, ranar da aka haife shi idonsa ya yi rawaya, kwana huɗu ya koma. Yanzu cikina wata biyar, a wurin awo an ce jinina negetif ne, na maigida fozitif. Uwar mijina ta ce wabi ne. Daga wata baiwar Allah, wani ƙauye a Ringim.

Amsa: Allah ya sa mai ceto ne, 'yar uwa, ya ba ki haƙuri. Abin da kika faɗa ya yi kama da rashin jituwar jini na Rh, wato naki negetif, na jariri fozitif irin na mahaifinsa. A haihuwar fari jinin yaro ya ɗan shiga naki, jikinki ya ɗauke shi baƙo, ya tanadi garkuwa. A ciki na gaba garkuwar ta ratsa mabiyiya ta riƙa farfasa jinin jariri, sai ciwon shawara (rawayar ido da jiki) da ƙarancin jini.

Akwai allurar anti-D da ake yi a mako na 28 na ciki da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Sai dai rigakafi ce, in garkuwar ta riga ta samu ba ta warware ta. Don haka ki nemi gwajin garkuwar tun yanzu, a mayar da awonki babban asibiti kamar na Malam Aminu Kano ko na Rasheed Shekoni a Dutse.

Ina roƙonki, wannan karon kada ki haihu a gida. Jariran da suka fi tayar min da hankali su ne waɗanda aka ajiye a ɗaki mai duhu ana jiran suna, ana ɗura musu ruwan gulukos, ana shanya su a hantsi, sai sun ƙi nono sun fara sanƙarewa a kawo su. A lokacin shawarar ta taɓa ƙwaƙwalwa, wanda ya rayu kan tashi da kurumta ko shanyewar jiki.

A asibiti ana auna jinin jariri tun ranar farko. A tuɓe shi, a rufe masa ido, a kwantar da shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila dare da rana. In shawarar ta ci gaba da hawa, a yi masa musayar jini ta cibiya, ana zuƙe nasa kaɗan-kaɗan ana mayar da wani. Nononki ba shi da laifi, ki ci gaba da ba shi. Bayan sallama ma a riƙa komawa da shi gwaji, domin jininsa kan sake yin ƙasa bayan 'yan makonni.